Hutun Yara a Ƙauyukan Ingila

Uwargida, idan Allah ya nufi iyalinki da zuwa Ingila hutun ƙarshen shekarar karatu, kada kwanakin su ƙare a kantunan Landan. Ki roƙi maigida ku ware yini guda domin karkarar Cotswolds, tafiyar kamar awa 2 a mota.

Mu ƙauyen Bourton-on-the-Water muka zaɓa. Rafin Windrush ne ya ratsa tsakiyarsa, ruwan bai kai gwiwa ba, yara na ta fantsama iyaye na zaune a kan ciyawa. Akwai kuma ƙauyen 'yar tsana da aka buɗe a 1937, wato garin kansa aka sake ginawa da dutse, aka ƙanƙanta shi sau 9, har yaro ya fi gida tsawo. Kusa da nan akwai gonar Cotswold Farm Park, wadda aka kafa a 1971 domin adana irin dabbobin da suka kusa ɓacewa. A nan yarana suka shafa 'yan tumaki, na tuna musu cewa Annabawa ma sun yi kiwo.

Sai dai ki yi shiri. Naman halal da masallaci suna wuyar samu a waɗannan ƙauyuka, don haka ki ɗauki guzuri da darduma. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, asuba kuwa da wuri take yi. Ki riƙe jadawalin salla, kada gajiyar yawo ta sa a makara. Kada kuma ki manta da lema, ruwansu ba ya sallama.

Allah ya kai ku lafiya.