Igiya a ƙafar kare

Shekaranjiya da la'asar wasu yara huɗu na unguwarmu suka yi mini sallama a zaure. Babbansu bai wuce shekara goma sha biyar ba, yana rungume da kwali. Da ya buɗe sai na ga mage ce ta mutu, an naɗe ta da tsohon ɗankwali. Ya ce, "Baba Malam, mun je bakin juji za mu haƙa rami an kore mu, mun je bayan makaranta mai gadi ya ce mahaukata ne mu. Ko za ka bar mu mu binne ta a gefen garkarka?" Masu zaman majalisa a ƙofar gidana suka kwashe da dariya, wani ya ce saura a kira liman. Ni ban yi dariya ba. Na taɓa yin abin da ya fi wannan dariyar muni, kuma shekara arba'in ke nan yana bina.

Wanda ya ga yunwar 1984 ba sai na ba shi labari ba. Ina koyarwa a nan Damagaram, 'yan'uwa daga ƙauye sun cika mini gida, tiyar gero ta zama abin da ake lissafi da ita kafin a yi barci. A cikin wannan hali babban ɗana, wanda har yau ba na kama sunansa, ya tsinto wani kwikwiyo ja mai farin wuya. Shekararsa tara. Na hana shi shigo da shi gida, sai ya yi masa ɗaki da tsohuwar tukunya a bayan katanga. Sau biyu ina kama shi yana gutsurar tuwonsa yana ɓoyewa a aljihu, sau biyu ina dukansa. Da safe karen ya raka shi har ƙofar makaranta, ya kwanta ƙarƙashin dogon yaro sai an tashi.

Ran nan babbar mota ta take karen. Yaro ya ɗauko shi a hannu, rigarsa duk jini, ya zo ya tsaya gabana yana shessheƙa, ya ce, "Baba, a ba ni fartanya." Abin da ya roƙa ke nan, fartanya. Ni kuwa na dube shi a gaban mutane na ce, "Ka yi wa kare kuka, me ka bar wa ranar mutuwata?" Na sa almajirai biyu suka ɗaura igiya a ƙafar karen ta baya, suka ja shi a ƙasa har juji, kansa yana bugun duwatsu. Yaron ya bi su a baya. An ce mini ya tsaya can har ungulaye suka sauka. Da ya dawo idonsa a bushe, kuma daga ranar bai sake kawo mini wata damuwa tasa ba. Ya faɗi jarrabawa, daga bakin uwarsa na ji. Ya yi rashin lafiya a ƙasar waje, daga bakin ƙanwarsa na ji. Yana yi mini biyayya, yana aiko da kuɗi, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma tsakaninmu akwai ƙofar da ni na rufe ta da hannuna.

A lokacin na ɗauka tarbiyya nake yi, har ina ganin addini yana bayana. Alhali mun karanta a Buhari da Muslim cewa ƙanen Anas ɗan Malik, ƙaramin yaro da ake yi wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaro ya yi jugum, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun nan. Shugaban al'umma gaba ɗaya ya sami lokacin ɗan tsuntsun yaro. Mun kuma san labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda mage. Duk na koyar da waɗannan a aji. Da abin ya zo ƙofar gidana sai na nemi igiya.

Mu Hausawa ma ai muna da jaje. In dokin mai sarauta ya faɗi, har da manyan riguna ake zuwa a ce Allah ya mayar da alheri. In saniyar Bafulatani ta mutu, kowa ya san ba a yi masa wasa ranar. Ashe dai kuɗin dabbar muke yi wa jaje. Wanda ya rasa abin da ba ya sayuwa a kasuwa, shi muke yi wa dariya.

Wannan ɗan nawa yanzu yana zaune kusa da Paris. Da na je can duba lafiyar idona, wata Lahadi ya ce in zo mu sha iska, ya kai ni wani wuri a Asnières, bakin kogin Sen. Maƙabartar dabbobi ce, an buɗe ta a 1899. Kafin nan mutanen Paris a kogi da kwandon shara suke zubar da mushen karnukansu, sai doka ta fito a 1898 ta ce a riƙa binnewa nesa da gidaje. Wani lauya, Georges Harmois, da wata 'yar jarida, Marguerite Durand, suka nemi fili suka kafa wurin. Akwai karnuka da maguna da dawakai, har da zakin ita Durand ɗin. Akwai kabarin Rin Tin Tin, karen da wani sojan Amurka ya tsinta a Faransa a 1918, ya zama tauraron fim. Waɗannan duk ban damu da su ba. Inda na tsaya shi ne gaban wani dutse da aka kafa wa wani karen titi marar mai shi, wanda ya zo ya mutu a bakin ƙofar wurin a 1958, ya zama dabba ta 40,000 da aka binne a ciki. Can gefe wata tsohuwa ta durƙusa tana cire ciyawa, wata da ba ta san ta ba ta miƙa mata butar ban ruwa, suka ɗan yi magana. Ɗana bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Na san dalilin da ya sa ya kawo ni, shi ma ya san na sani, muka hau jirgin ƙasa muka koma gida muna zancen tsadar kaya.

Kada a ce na dawo da ra'ayin Turawa. Akwai abin da ya ɓata mini rai a can, kuma har yanzu yana ɓata mini. Na ga dutsen marmara a kan kare wanda kuɗinsa zai ciyar da gida guda tsawon damina. Mu da maƙabartunmu na mutane ba su da katanga, awaki na tattaka kaburburan iyayenmu, ruwa na zaizaye su, mai haƙar kabari sai an yi karo-karo kafin a sallame shi, ba mu da bakin zancen gina wa dabba ɗaki. Samarin yanzu kuma da ke sayen karen Turawa da kuɗi masu nauyi don a ɗauke su hoto a waya, su ɗaure shi a rana ba ruwa, in ya fara ƙazuwa su kai shi bayan gari su saki, waɗannan ba son dabba suke ba, son a gan su suke. Wani yana saya wa mage abincin gwangwani, almajiri na bara a ƙofarsa bai leƙo ba. Wani lokaci nakan ce gara ma a hana yaran nan kiwon abin da ba a ci, kowa ya huta. Sai in tuna cewa da irin wannan lissafin na sa aka ɗauko igiya, in yi shiru.

Akwai ma maganar tsafta, wadda 'yan majalisar ƙofar gidana ba su kula da ita ba. Da can in an yar da mushe, kafin azahar ungulaye sun share shi. Yau sai ka yi wata ba ka ga ungulu ko ɗaya a mahauta ba. Mushen da aka jefa a kwata nan zai kumbura, ruwan sama ya ja shi tafkin da yara ke wanka. Ko don wannan kaɗai ya kamata kowane gari ya ware ɗan fili a gefe, a haƙa rami mai zurfi a rufe.

Shekaranjiyar nan dai na tashi na ɗauko fartanya da kaina na miƙa wa yaron mai kwali. Muka tafi garka, na auna musu taki goma daga kusurwar gabas. Na gindaya musu sharaɗi: ba salla, ba likkafani, ba gini, ba rubutu a dutse, don dabba dabba ce, mutum mutum ne. Wanda ya binne wani abu ya dasa itace a kai, shi zai riƙa ba shi ruwa, kuma duk yaron unguwa da abin ya sama yana da hakki a wurin, ko tattabara ce. Wanda ya zo ya tarar da wani a zaune, ya ce masa Allah ya mayar da alheri, kada ya yi masa dariya. Ƙaramar cikinsu ta tambaye ni, "Baba Malam, in mutum ya yi kuka fa?" Na ce ya yi abinsa. Suka haƙa, suka rufe, suka dasa ɗan zogale, suka kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Da dare na sa jikata ta kira mini uban nata na Faransa a waya. Muka gaisa, ya tambayi idona, na tambayi yara. Na ce masa na ba wasu yara fartanya yau. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "Baba, farin wuya gare shi, ka tuna?" Na ce na tuna.