Idon da ke nutsewa tare da jirgi

A ƙarshen shekarun 1970, wasu mutane a jihar Teksas ta ƙasar Amurka suka ƙago wani wasa wanda har yau yake da mabiya, a can da kuma Ostiraliya. Mutum zai share watanni yana sassaƙa ɗan ƙaramin jirgin ruwa na yaƙi, kwaikwayon waɗanda suka fafata a yaƙin duniya na farko da na biyu, ya sa masa inji da bindigogi, sannan ya kai shi tabki domin abokansa su yi ƙoƙarin nutsar da shi. Daga bakin ruwa ake tuƙa shi, da akwatin radiyo a hannu.

Galibi ana rage girman jirgin asali sau 144. Jirgin Jamus mai suna Bismarck, wanda tsawonsa metir 251 ne, sai ya koma metir ɗaya da santimetir 74, nauyinsa wajen kilo 17. Ana lulluɓe jikinsa da itacen balsa, mai laushi kamar totuwar kara, siriri ƙwarai, da gangan, domin harsashi ya samu hanyar fasawa. Harsashin kuwa ƴan ƙwallayen ƙarfe ne masu faɗin milimetir 4 da rabi zuwa 6, kuma irin iskar da ke sa lemun kwalba kumfa ce take tunkuɗa su. A cikin jirgi akwai ɗan famfo mai kwashe ruwan da ya shiga. Idan huda ta fi ƙarfin famfo, jirgi ya tafi ƙasa. Duk wanda ke bakin tabki dole ya sa tabaran kare ido.

Na ɗauki lokaci ina kallon fina-finan wannan wasa, kuma na lura sun kasu gida biyu. Waɗanda aka ɗauka daga gaɓa abin dariya ne: dattawa da furfurarsu suna ta ihu a kan ƴan kwale-kwale. Waɗanda aka ɗauka da kamera ɗaure a bisa jirgin kansa kuwa, ban taɓa kallon ɗaya na yi dariya ba.

Ɗora kamerar aiki ne mai lissafi, kuma ɗan kasuwar da ya taɓa loda wa babbar mota kaya zai riga kowa fahimta. Tunda tsawo da faɗi da tsayi duk an rage su sau 144, nauyi ya ragu kusan sau miliyan 3. Kamera irin GoPro mai garam 150, idan aka mayar da ita ma'aunin jirgin gaskiya, daidai take da kaya na ton 450. Babban jirgi zai ɗauka, amma ƙarami wanda duka-duka kilo ɗaya ne, da an aza masa ita a sama, juyi ɗaya zai kife. Haka ya faru da gaske a 1934: jirgin Japan mai suna Tomozuru, wanda aka jibga wa makamai a sama fiye da ƙima, ya kife cikin guguwa, mutum 100 suka rasa rayukansu. Saboda haka akan nemi kamera mafi sauƙin nauyi, a ajiye ta ƙasa-ƙasa, a ƙara dalma a gindin jirgi don a daidaita.

Bayan nauyi sai kariya. Harsashi ɗaya ya isa ya tarwatsa gilashinta, don haka akan kafa mata garkuwar roba mai tauri wadda ake gani ta ciki. Akan rufe ta cikin kwanson da ruwa ba ya shiga, tare da ɗan ƙunshin nan mai shanye laima, domin zafin kamera da sanyin ruwa idan suka haɗu hazo ke rufe gilashi. Gara a ba ta batirinta dabam, kada tartsatsin inji ya ɓata hoto, a kuma ɗaure ta da igiya a jikin jirgi. Wadda ke aiko da hoto kai tsaye takan yanke da zarar ta nutse, saboda ruwa na haɗiye saƙon radiyo. Wadda ke adanawa a kati ita ce ke ci gaba da ɗauka har ƙasa.

To, me take gani? Ido mai tsayin santimetir 10 bisa ruwa tamkar mutum ne a metir 14 kan benen jirgi. Ɗan motsin ruwa na santimetir 2 ya zama igiya ta kusan metir 3. Jirgin abokin gaba ya taso ya cika fuska, guntayen itace na tashi, sai ka ga layin sama ya karkace, ya ƙi miƙewa. Ruwa ya hau dandamali, ya taɓa gilashi, haske ya koma kore, daga nan sai duhu da ƙarar famfo da bai daina aiki ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mai akwatin radiyo yana tsaye a busasshiyar ƙasa. Kamerar ce kaɗai take cikin ɗakin.

Kada mu manta, waɗannan jirage sunayen gaske suke ɗauke da su. Ranar 24 ga Mayu 1941, Bismarck ya haɗu da jirgin Ingila mai suna Hood, kuma cikin ƴan mintoci Hood ya nutse: daga mutum 1,418, uku suka tsira. Bayan kwana uku shi ma Bismarck ya bi shi, da rayuka fiye da 2,000. Sai a 1989 aka gano gawarsa a zurfin kusan metir 4,800, kuma kamera ce da aka zura ƙasa ta gano ta.

Ba na zargin masu wannan wasa da son jini. Bayan fafatawa sukan tsamo jirgi, su liƙe hudodin, su gaisa, su koma ruwa. Abin da ke damuna shi ne tazarar da ke tsakanin wasa da gaske ta ragu ƙwarai. A 2024, a Baƙin Teku, Yukiren ta nutsar da jiragen yaƙin Rasha da ƙananan jirage marasa matuƙi, masu kamera a goshi, ana tuƙa su daga nesa. Duniya ta kalli hotunan ta idon mai kai hari, kuma hoton kan yanke daidai lokacin da bam ya tashi. Abin da ya biyo baya a cikin jirgin da aka buga, wannan kamerar ba ta nuna shi.

Shi ya sa, ya kai mai karatu, nake ganin duk wahalar lissafin nauyi da garkuwa ta cancanta. Da ni ke da irin wannan jirgi, bayan benen kwamanda zan ajiye kamerar, tana duban dandamali inda ma'aikata suke tsayawa, kuma fim ɗin ranar da aka nutsar da ni zan fara nuna wa yara.