Uku a Mahaifa Ɗaya

Shekara tara ƙanwata ta yi a ɗakin mijinta a Kusada ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Mijin ya sayar da gonarsa ta gado, suka tafi wani asibitin kuɗi a birni aka yi mata dashen ƙwan haihuwa. Ƙwai uku aka mayar mata, wai don kada kuɗin su tafi a banza. Duka ukun suka kama.

Cikin na da mako 11 ta kira ni ina Kankia, muryarta na rawa: "Yaya, likita ya ce a rage ɗaya."

Sai da na yi kwanaki ina tambaya kafin na gane. Ana kallon mahaifa ta na'urar hoton ciki, a soka siririyar allura, a zuba wa zuciyar tayi ɗaya sinadarin da zai tsayar da bugunta, galibi tsakanin mako 11 da 14. Hujjar likitoci kuwa mai ƙarfi ce. 'Yan uku kan zo a wajen mako 32 ko 33, huhunsu bai ƙosa ba, uwa kuma na fuskantar hawan jini, jijjiga da zubar jini bayan haihuwa. Ragewa zuwa biyu kan ƙara wa cikin makonni. Sai dai allurar kanta na iya fasa faya, ko ta jawo ɓarin cikin gaba ɗaya.

Malamin da muka tuntuɓa ya ce Malikiyya sun tsananta a kan taɓa ciki tun farkon shigarsa, sai in ran uwa na cikin haɗari. Dokar hukunta laifuka ta Arewa ma iyakar abin da ta yarda da shi ke nan.

Abin da ke ci mini rai shi ne ranar dashen. A Ingila an daɗe ana ƙarfafa mayar da ƙwai ɗaya, a daskarar da sauran don gaba. Ba wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata haka.

Ta ƙi amincewa. Ta tare gidan goggonmu a Katsina, kusa da asibiti mai kwalbar renon bakwaini. A mako 31 aka yi mata tiyata. Biyu sun fara tafiya a damanar bana. Na ukun, namiji, kwana shida ya yi a duniya; ba a kai ga sunansa ba. In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, har yau uku take cewa.