Faifan Tsaraba Da Makullin Da Ba A Gani



Wani zai ce me ya rage na maganar na'urar DVD a zamanin da yaro ke zuwa wurin masu turi da naira kaɗan a cika masa waya da finafinai? Mu dai a nan Rimaye, cikin ƙaramar hukumar Kankia, faifai bai gama aiki ba. Data na da tsada, sabis kuma yau akwai gobe babu. Waya ta mutum ɗaya ce, talabijin kuwa ta gida ce, tana tara uwa da 'ya'ya da maƙwabta a tabarma ɗaya bayan isha'i. Ga mai koyon rubutu kuma, faifai na asali yana zuwa da abin da fim ɗin turi ba ya zuwa da shi: fassara a rubuce a ƙasan hoto, fitowar da aka yanke, wani lokaci har da muryar darakta yana bayanin dalilin da ya sa ya tsara labarin yadda ya tsara shi.

Mun daɗe muna kallon finafinan waje ba mu san akwai makulli a jikin faifai ba, kuma akwai dalili. Kaset ɗin bidiyo da muka taso da shi daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano yake fitowa. Masanin nan Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008 yadda ake kawo finafinan Indiya da na Amurka ta Dubai, a kwafe su a Kano, a raba su ƙasar Hausa. Da VCD ya shigo, shi ma ba a yi masa makulli ba, illarsa kawai ba ya ɗaukar fiye da minti 80, shi ya sa fim ɗin Indiya ɗaya kan zo a faifai 2 ko 3. Faifan jabu mai finafinai 10 ko 20 a ciki ɗaya kuwa, masu buga shi sun cire duk wani shinge tun kafin ya baro wurinsu. Sai ranar da faifai na asali ya shigo gida ake gane akwai matsala: tsarabar alhaji daga Saudiyya, ko ta ɗalibin da ya dawo daga Masar ko Maleshiya, ko wanda aka tsinta cikin kayan gwanjo na Ingila.

Da DVD ya fito a Japan a 1996, ya isa Amurka a 1997, kamfanonin fim sun raba duniya shiyya 6. Shiyya ta 1 Amurka da Kanada. Ta 2 Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, har da Saudiyya da Masar da Afirka ta Kudu. Ta 3 kudu maso gabashin Asiya, irin su Maleshiya da Indonesiya, da Koriya ta Kudu. Ta 4 Ostireliya da Kudancin Amurka. Ta 5 mu ne, sauran ƙasashen Afirka, tare da Indiya da Rasha. Ta 6 ƙasar Sin. Ana saka lamba a faifai, a saka lamba a na'ura, idan ba su dace ba na'urar ta ƙi karantawa. Manufarsu ita ce su riƙe farashi daban-daban a kowace kasuwa, kuma kada faifai ya riga fim isa ƙasar da ba a fara nuna shi a silima ba. Abin bai bar manya ba. A 2009 jaridun Ingila sun ruwaito cewa finafinai 25 da Shugaba Obama ya ba Firayim Minista Gordon Brown kyauta sun ƙi yi a na'urarsa, saboda lambar Amurka suke ɗauke da ita. Idan har fadar firayim minista ta ga haka, ina ga ɗakin zaurenmu?

Mu biyar ne muke haɗuwa muna karanta wa juna rubutu, kuma da muka yi karo-karo don sayen na'ura, faifan da ke hannunmu sun fito daga wurare uku. Akwai Lion of the Desert na Moustapha Akkad, labarin Umar Mukhtar, wanda kawun ɗayanmu ya kawo daga Jidda. Akwai Sholay na 1975 da wani yayanmu ya aiko. Akwai wasu na Amurka da muka saya a gwanjo. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne, akwai mai ɗinki a cikinmu, akwai malamin firamare, akwai wanda sai da ya sayar da tiyar wake. Ga kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, wanda ba a yin sa sau biyu don musanya kaya. Shi ya sa muka zauna muka yi tambaya tun kafin mu tashi, muka fito da abubuwa huɗu.

Na farko shi ne makullin kansa. A juya bayan kwalin faifai, za a ga ɗan hoton duniya da lamba a tsakiya. A bayan na'ura ma akwai irinsa. Idan an rubuta 0 ko ALL, ko kwalin ya ce Region Free, to ana nufin ba ta zaɓen shiyya. Wani abin mamaki, a nan karin maganar araha ba ta ado ta kan sha ƙasa. Na'urorin manyan kamfanoni, musamman 'yan Beljiyam da aka yi wa kasuwar Turai, su ne suka fi zuwa a kulle. Ƙananan na ƙasar Sin da suka cika kasuwar Sabon Gari yawanci a buɗe suke zuwa. Sai dai rubutun kwali ba shaida ba ne. Gani ya kori ji. Mun tafi da faifanmu a jaka, muka ce wa mai shago, "Alhaji, a jona mana mu gani." Na'ura ta farko ta karɓi na Indiya ta tofar da na Jidda. Ta biyu ta karɓi biyu ta ƙi na Amurka. Ta uku ce ta cinye duka, ita muka ɗauka. Gwajin na Amurka yana da muhimmanci, domin wasu faifan can an ƙara musu wani tarko da ke gane na'urar da aka buɗe, ya ƙi ta.

Na biyu tsarin launi. Talabijin ɗin Najeriya da na Ingila suna aiki da PAL, na Amurka da Japan kuma NTSC. Makulli zai iya buɗewa lafiya, amma hoto ya fito baƙi da fari ko ya riƙa birgima a tsohuwar talabijin mai ƙeya. Finafinan Indiya da yawa da aka buga don kasuwar waje ma da NTSC suke zuwa. A nemi na'urar da ke juya wannan zuwa wancan da kanta, za a ga zaɓin a cikin saitinta.

Na uku wuta. Tamu tana tsakanin bolt 220 da 240, ta Amurka 120 ce. Na'urar da aka yi wa Amurka kaɗai, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone ta. A duba bayanta, idan an rubuta 100 zuwa 240 an huta. Mu da wuta ke zuwa mana a guje ta tafi a guje, sitabilaiza ba kayan ado ba ce, musamman ga mai tada janareta. Abin daɗin shi ne na'urar DVD ba ta kai tsohon ƙwan fitila mai wat 60 cin wuta ba, ƙaramar sola ma tana ɗaukarta.

Na huɗu ƙananan abubuwan da ake mantawa. Shin tana da ramin igiyoyin nan uku, ja da fari da rawaya, don tsohuwar talabijin, da na HDMI don sabuwa? Tana karɓar filashi? Ana samun rimot ɗinta idan ya ɓata? Mai gyara a Kankia ko Katsina zai samu idon da ke karanta faifai idan ƙurar hunturu ta kashe shi? Wanda kuma ke sha'awar Blu-ray ya sani rabon can daban ne, shiyya 3 ce: A, B da C. Mu muna B tare da Turai da Saudiyya, Indiya ta koma C. Na'ura tana iya zama a buɗe ga DVD amma a kulle ga Blu-ray. Masu kallo a kwamfuta su ma su kula, yawanci sau 5 kawai ake yarda a canza shiyya, daga nan ta tsaya a ta ƙarshe.

Mun yi gardama a tsakaninmu kan ko wannan ba wata ƙofar satar fasaha ba ce. Inda muka tsaya shi ne, faifan da aka saya da kuɗi an riga an biya mai shi haƙƙinsa, kallonsa a Rimaye bai rage masa ko kwabo ba. Satar fasaha ita ce a kwafi aikin mutum a sayar ba da yardarsa ba, abin da ya daɗe yana cin 'yan Kannywood, kuma duk marubucin da ya taɓa ganin littafinsa yana yawo kyauta a WhatsApp ya san zafinsa. Abin takaicin makullin shi ne mai gaskiya yake kamawa. Wanda ya sayi jabu yana kallonsa hankali kwance, wanda ya sayi na asali shi ake rufe wa ƙofa.

Akwai kuma nauyin da ke biyo bayan buɗewa. Faifan tsaraba bai bi ta Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa ba, bai bi ta ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 ba. Maigida da uwargida su ne hukumar tacewa. Faifan Ingila suna ɗauke da lambar shekaru a jiki, 12 ko 15 ko 18. Mun sa wa kanmu doka, babba ya fara kallo kafin a kira yara.

Me marubuci zai ƙaru da shi? Sholay ya haura awa 3, amma Salim da Javed da suka rubuta shi ba su bar mai kallo ya yi hamma ba. Mun riƙa tsayar da shi fitowa bayan fitowa, muna rubuta abin da kowane jarumi yake so da abin da ya tare masa hanya, muka ga yadda ake dasa ƙaramin abu kamar kwabon da Jai ke jefawa tun farko, sai a ƙarshe a gane amfaninsa. Mun kuma gwada ɗora fassarar da ke rubuce a faifai kusa da irin fassarar bakin da Algaita suka shahara da ita, muka ga inda mai fassara ke bin kalma da inda yake bin dariyar Bahaushe. Wannan darasi ne da ya shafi duk mai rubuta hira tsakanin mutum biyu.

Ba na waje kaɗai ake buɗe wa ƙofa ba, har da namu. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Jamus aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Sarraounia na Med Hondo, na 1986, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ce a Nijar, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899. Irin waɗannan ayyuka sau da yawa a Turai ake adana su a sake fitar da su. Duk ranar da faifansu ya zo daga can da lamba 2 a bayansa, gidan da na'urarsa ba ta karɓar sai 5 zai zauna yana kallon kwalin labarin kakanninsa.

Wanda ke shirin saye ya tattara faifansa tukuna, ya duba lambobinsu, ya tafi da su kasuwa, kada ya biya sai ya ga hoto da launi da sauti. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Idan kuma an kawo ta, a ajiye littafi da biro kusa da rimot. Muna so mu ji daga gare ku, wane fim ne ya fara koya muku yadda ake ƙulla labari?

Allah Ya ƙara mana basira, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.