Hadda da Fahimta a Ajin Rediyo

A Amurka ba kowa ne ke da izinin ya kafa eriya ya aika da muryarsa cikin iska ba. Duk mai son rediyon sha'awa, wato wanda mutum ke magana da shi don nishaɗi da taimakon jama'a ba don neman kuɗi ba, sai ya sami lasisi daga hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC. Lasisin hawa uku ne. Jarrabawar hawan farko tambaya 35 ce, wanda ya ci 26 ya haye. Tambayoyin kuwa ba a ɓoye suke ba. Ana buga su gaba ɗaya, fiye da 400, tare da amsoshinsu, kuma daga cikinsu ake tsamo na ranar jarrabawa.

Saboda haka malamai suka rabu gida biyu. Wasu sukan tara ɗalibai tun da safe, su yi ta nanata musu amsoshi, da yamma a zauna jarrabawa. Wasu kuwa sukan ɗauki makonni suna bayani.

Akwai wani dattijo a birnin New York da ke koyarwa kyauta, yana cikin kashi na biyu. Da ƙuruciyarsa yakan je layin Cortlandt, inda kantunan kayan rediyo suke a jere, ya sayi waya da ƙananan sassa ya haɗa akwatinsa da hannunsa. A 1966 aka rushe kantunan don a gina Cibiyar Ciniki ta Duniya. A ganinsa, wanda bai san dalilin amsa ba, aron ta ya yi.

Ga misalin da yakan kawo. Cikin tambayoyin akwai wadda ke neman tsawon eriyar da ta dace da megahaz 146. Mai hadda zai ce inci 19, ya kuma yi daidai. Mai fahimta kuwa ya san in aka raba 300 da 146 za a sami wajen mita biyu, tsawon zangon ke nan, rubu'insa kuma shi ne tsawon eriyar. Masu sauraron gajeren zango a ƙasar Hausa, da suka saba jin ana cewa mita 19 ko mita 25, wannan awon ne suke ji. In eriya ta karye, na biyun zai yanko waya ya auna ya ɗaura. Na farkon sai dai ya zuba ido.

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. A ranar 11 ga Satumba, 2001, layukan tarho suka cushe a New York, masu rediyon sha'awa suka taimaka wa ƙungiyar Red Cross wajen isar da saƙonni. A 2012 guguwar Sandy ta kashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na turakun wayar salula a yankunan da ta afka wa. A irin wannan rana ba mai ba mutum amsa huɗu ya zaɓi ɗaya.

Duk da haka dattijon bai raina hadda ba. Iyakokin zangon da doka ta yarda a yi magana a kai, da ƙa'idar faɗin lambar kira duk bayan minti goma, dole a haddace su. Ya kuma lura cewa direban tasi ko ma'aikaciyar asibiti ba su da makonni takwas na zama a aji, in aka tsananta sai su gudu. Don haka yakan bar mai gaggawa ya haddace ya karɓi lasisinsa, amma da sharaɗin ya dawo ranar Asabar a haɗa eriya tare. Haka tsarin karatu yake a ƙasar Hausa tun da can: yaro yakan fara da allo, in ya girma ya zauna a zauren malami a warware masa ma'ana. Ba wanda ke ce wa mai allo ya gama.