Usur A Bakin Alƙali: Daga Filin Zari-Ruga Zuwa Bakin Matan Fada

In akwai aikin da kowa ya iya a ƙasar nan in ban da mai yin sa, to alƙalancin wasa ne. Shiga kowane gidan kallon ƙwallo a Birnin Kebbi ranar Asabar da yamma, za ka tarar da alƙalai ɗari a kan benci, kowannensu ya fi rafalin da ke cikin fili gani. Abin da nake so mu duba yau shi ne, me ya kamata mu nema a wurin alƙalin wasa? Ba za mu ce kada ya taɓa kuskure ba, domin ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Haƙƙinmu a kansa shi ne ya faɗi dalilin hukuncinsa a bainar jama'a. Shi kuma haƙƙinsa a kanmu shi ne ya koma gidansa lafiya.

Wasan da ya jefa ni cikin wannan tunani ma ba namu ba ne. Zari-ruga ake ce masa: mutum 15 a kowane ɓangare, minti 80, ƙwallo mai siffar ƙwai ana ruga da ita a hannu, ba a miƙa wa ɗan uwa ita ta gaba sai ta baya, kuma an yarda ka rungumi abokin karawa ka kai shi ƙasa kamar a kokawa. Wani abokina da ya yi karatu a Afirka ta Kudu shi ya zaunar da ni a ɗakinsa ran 28 ga Oktoba 2023, muka kalli wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya da aka yi a Faransa. Afirka ta Kudu ta ci Niyu Zilan 12 da 11, tazarar maki ɗaya tak. Alƙalin wasan Bature ne ɗan Ingila, Wayne Barnes.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci, kyaftin ɗin Niyu Zilan, Sam Cane, ya tare Jesse Kriel a tsaye, kafaɗarsa ta doki kan mutumin. Barnes ya ɗaga masa katin gargaɗi, ya kuma miƙa maganar ga wani alƙali da ke zaune gaban bidiyo, wanda doka ta ba shi minti 8 ya duba. Amsa ta dawo cewa jan kati ne. Cane ya zama ɗan wasa na farko da aka kora a wasan ƙarshe na wannan gasa ta maza. Bayan an dawo hutu sai ga kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, Siya Kolisi, shi ma kansa ya gwabzu da na Ardie Savea. Aka bi hanya guda, amma shi katinsa ya tsaya a na gargaɗi, ya yi minti 10 a waje ya dawo. Kyaftin biyu, karo biyu a ka, hukunci daban-daban. In a filin unguwarmu ne, da tuni an fara neman duwatsu.

To amma ga abin da ya ba ni sha'awa. Alƙalin zari-ruga yana ɗauke da makirufo a jikinsa, duk mai kallo a talabijin yana jin abin da yake faɗa wa 'yan wasa da mataimakansa. Kuma tun 2021 hukumar wasan ta duniya ta shimfiɗa masa tambayoyi huɗu da zai bi a jere in an taɓa kan ɗan wasa. An taɓa kai? Akwai laifin wanda ya yi karon? Yaya girman haɗarin? Akwai abin sassauci, kamar a ce wanda aka tara ya sunkuya ba zato? A kan Cane suka ce haɗari babba ne kuma babu sassauci, a kan Kolisi suka ce akwai. Kana iya ƙin yarda, mutanen Niyu Zilan da yawa ba su yarda ba, amma ka san a kan wace gaɓa kuka saɓa. Wannan tsanani kuwa yana da tushe, domin tsofaffin 'yan wasa irin su Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, sun fito a 2020 suna cewa bugun da suka sha a ka ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, har magana ta kai kotu.

Da nake sauraren Barnes yana jera dalilansa, sai na tuna kawuna, Allah ya jiƙansa, wanda ya daɗe yana raba kokawa a ƙauyukan da ke kewayen Argungu bayan an gama girbi. Shi ba shi da usur, balle bidiyo. Kuma dokar kaye ba ɗaya ba ce ko'ina: wasu in gwiwa ta taɓa ƙasa an gama, wasu sai sun ga baya ko ɗuwawu a ƙasa. Don haka kafin makaɗa su saki ganga, kawu yakan tsaya tsakiyar fili ya faɗi wadda za a bi a ranar, ya sa manyan kowane gari su amsa da bakinsu. In an yi kayen da ake shakka, yakan taka har wurin, ya nuna sawun gwiwa a cikin rairayi da sandarsa, sannan ya ɗaga hannun wanda ya ci. Na taɓa tambayarsa, na ce, "Kawu, me ya sa kake wahalar da kanka, tunda maganarka ce ta ƙarshe?" Ya ce, "Ɗana, wanda an ka kayas shina da gari, shina da ɗiyan da za su yi mai dariya. In ka hwaɗa mai dalili, ka ba shi abin da za ya kai gida." Ban taɓa jin an ɗaga wa kawu hannu ba.

Babbar jarrabawar alƙalanci a ƙasarmu kuwa ita ce Bikin Kamun Kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, alamar an binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Dokarsa a baki mai sauƙi ce: masunta dubbai a bakin Matan Fada, kowa da homa da gora, ba mai shiga ruwa sai an ba da alama, kuma wanda kifinsa ya fi nauyi shi ya ci. Mutum zai ce ai nan babu aikin alƙali, sikeli ne zai yi magana.

Shekarar 2008 ta nuna ba haka ba ne. An ɗora kifi mai nauyin kusan kilo 66 a kan sikeli, aka ba mai shi kyauta a gaban manyan baƙi. Sauran masunta suka ce ba su yarda ba. Masarautar Argungu, ƙarƙashin Sarkin Kabi Sama'ila Muhammad Mera, ta sa aka bincika, aka gano cewa kifin ya riga ya mutu kafin a fito da shi, daga wani wuri aka kawo shi, aka kuma ƙwace kyautar. Sikelin bai yi ƙarya ba, kilo 66 ɗin gaskiya ne. Amma sikeli bai san a wane ruwa kifi ya rayu ba, wannan sai idon wanda ya tsufa a cikin su. Kuma abin da ya ceci mutuncin bikin shi ne an fito an faɗa wa duniya abin da aka gano, ba a rufe shi don gudun kunya ba. Da an yi shiru, da kowane kifin da ya ci bayan nan, har da mai kilo 78 na shekarar 2020 lokacin da aka dawo da bikin bayan dogon hutu, sai an riƙa kallonsa da ayar tambaya.

Sai dai faɗin gaskiya a fili yana da farashi, kuma galibi alƙali ne ke biya. A gasar zari-ruga ta 2015 a Ingila, Craig Joubert na Afirka ta Kudu ya ba Ostiraliya bugun da ta fitar da Sukotlan da shi, 35 da 34, ana dab da tashi. Hukumar ta fito ta ce hukuncin ba daidai ba ne, mutane da yawa kuma suka ga ta bar ɗanta a rana. Shi Barnes ya ajiye usur jim kaɗan bayan wasan 2023, bayan ya hura wasannin ƙasa da ƙasa 111, ya kuma yi magana kan barazanar da ake aika wa iyalinsa. Tom Foley, wanda ya zauna gaban bidiyo a wannan dare, ya janye daga wasannin ƙasa da ƙasa saboda zagi da barazana a intanet. Wato ko inda ake jin dalilin alƙali da kunne, ba a rasa masu neman kansa.

Mu ma nan haka ne, har ma da ƙari. Na ga gasar unguwanni inda rafali, yaro ɗan makaranta da aka ba kuɗin mashin kawai, ya bar fili a guje ta bayan katanga saboda fanareti ɗaya. Washegari aka rasa mai karɓar usur. Wannan shi ne abin tsoron: in masu gaskiya suka daina yarda su yi alƙalanci, wanda zai rage shi ne wanda ya riga ya karɓi na goro, shi kuwa duka ba ya damunsa tunda an biya shi.

Don haka ina da roƙo uku ga masu shirya wasanni a Kabi, ko kokawa ce, ko dambe, ko ƙwallo, ko wasannin ruwa na kabanci. A karanta dokar ranar da lasifika kafin a fara, shugabannin kowane ɓangare su amsa. In an yanke hukunci mai nauyi, a miƙa wa alƙali lasifikar ya faɗi abin da ya gani cikin jimla biyu. Sannan a samu dattijon da kowa ke jin nauyinsa ya zauna kusa da shi, ya kuma raka shi har bakin hanya in an tashi. Babu ɗaya cikin ukun nan da ke buƙatar kuɗin gwamnati ko na'urar Turawa.

Allah ya ba mu alƙalai masu tsoronsa, mu kuma ya ba mu haƙurin karɓar kaye.