Gugan Ayana

Karatu: Maimaitawar Shari'a 26:1-11, Luka 17:11-19



Duk wanda ya taɓa kawo mana ziyara Daura ya san inda muke fara kai baƙo. Kafin fada, kafin kasuwa, sai mun bi da shi rijiyar Kusugu ya leƙa, mu kuma mu tsaya a gefe muna zuba masa labarin da muka haddace tun muna firamare. Wani ɗan sarki ya baro Bagadaza, ya ratso Borno, ya biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare. Ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce babu, don macijin da ke cikin rijiyar ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya ce ta ba shi guga. Ya je ya kashe macijin, Sarauniya Daurama ta aure shi, daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai. Masana tarihi suna da ja a kan labarin, mu dai haka muka gaje shi daga bakin kakanni.

Mun ba da labarin nan ya fi sau shurin masaki, amma ba mu taɓa lura da abin da ke bakin ƙofarsa ba. Bagadaza tana ƙasar Iraƙi ta yau. Mutumin kuwa ba yawon shan iska ya fito ba, barin gida ya yi dole, ya sake gudowa daga Borno don ya tsira da ransa. Har sunan da aka laƙaba masa, Bayajida, ana cewa daga "ba ya ji da" ya samo asali, wato bai san harshen garin ba. A taƙaice, ɗan gudun hijira ne, kuma abu na farko da ya nema a garin nan ruwa ne. Wata 'yar'uwa a zumuntarmu ce ta nuna mana wannan, ranar da muke turin kurar ruwa cikin ranar Maris. Amma bari mu faro daga farko.

A watan Agusta da ya wuce, gidaje uku suka iso Daura daga wani ƙauye ta wajen Faskari. Ba sai mun yi muku dogon bayanin abin da ya koro su ba. Faskari, Ƙanƙara, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Jibiya, sunayen da muke ji a rediyo ne kusan kowane mako. Kowa ya tuna Disamban 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, shugaban ƙasa na lokacin yana nan Daura. Tun 2019 dubban mutane daga Katsina, Zamfara da Sakkwato suke tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Waɗannan gidaje uku su nan suka nufo, domin ƙanen ɗaya daga cikin matan yana aikin gadi a garin. Sun bar masara da dawa a gona ba su kai ga yankewa ba. Gida biyu na masu bi ne, na ukun na maƙwabcinsu ne Musulmi. Dare ɗaya suka gudu, ɗakuna uku na wani kango suka samu a bayan gari.

Mu kuwa a lokacin hankalinmu yana kan Godiyar Kaka. Wata biyar muna tara kuɗi don mu sayi sabon piyano da lasifika, mu kuma yi anko. Da matar fasto ta kawo maganar baƙin a taronmu na ranar Laraba, aka yi tsit. Ba wanda ya ce kada a taimaka. Abin da aka ce shi ne a yi baiko na musamman daban, kuɗin piyano kuwa an riga an keɓe shi don godiya ga Allah, ba a taɓa shi. Maganar tana da daɗin ji, kuma da yawanmu mun gyaɗa kai.

Dattijon da ke kula da zumuntar matasa bai yi mana faɗa ba. Cewa ya yi a buɗe Maimaitawar Shari'a sura 26, mutum ɗaya ya karanta a hankali. A nan ne Musa ya tsara wa Isra'ilawa yadda za su yi godiyar nunan fari. Mutum zai zo da kwandonsa gaban firist, amma ba zai ajiye ya juya ba. Sai ya faɗi da bakinsa cewa kakansa mai yawo ne marar mazauni, wanda ya gangara Masar ya yi baƙunci, aka wahalshe su, suka yi kuka, Ubangiji ya fisshe su. Bayan haka, aya ta 11 ta ce ya yi murnar tare da Balawe da kuma baƙon da ke zaune a cikinsu. Dattijon ya rufe Littafin ya ce, "'Ya'yana, a godiyar da kuke shiryawa, ina kujerar baƙo?"

An kai ƙarfe tara na dare ana muhawara. A ƙarshe aka raba kuɗin biyu, aka haƙura da anko da lasifika, tsohon piyanon aka kai shi gyara. Wani ya tambaya ko gida na ukun yana cikin lissafi, tunda ai su ma suna da nasu 'yan'uwan a gari. Matar fasto ce ta amsa. Ta ce daren da suka gudu, Malam ɗin nan ne ya goyo ƙaramin ɗan maƙwabciyarsa har gari ya waye, don ita tana da tsohon ciki. Ba a sake tayar da maganar ba.

Zuwanmu na farko abin kunya ne, kuma gara mu faɗa don kada wata zumunta ta maimaita. Mun je mu kusan ashirin, da buhunan masara da shinkafa, da galan na manja, da kayan sawa. Muka jera kayan a tsakar gida, muka jera yaran a gaba, aka ɗaga waya za a ɗauki hoton da za mu sa a Facebook. Babbar cikin matan, wadda yanzu duka muke kira Mama, ta ja zanenta ta rufe fuska ta koma ɗaki. Daga baya ta kira biyu daga cikinmu ta ce, "'Ya'yana, Allah ya saka. Amma a gida ni ce nake aunar wa mutane hatsi daga rumbu. Kada ku nuna wa duniya ni ina karɓa." Aka goge hotunan a nan take. Wasunmu sun ji haushi, don an saba idan aka yi aikin alheri sai an nuna shaida.

A zaman nan ne muka yi tambayar da ya kamata mu fara da ita, wato me ya fi damunsu. Mama ta ce ruwa. Kangon ba rijiya, ba famfo. Ɗan abin da mazan suke samowa a aikin lebura rabinsa hannun 'yan ga-ruwa yake tafiya, sauran kwanakin kuma 'yan matan gidan ne suke jigila da bokiti daga rijiyar burtsatse mai nisa, shi ya sa ba a sa su makaranta ba. Mu mun kawo abin da ke da kyau a hoto, su kuma bukatarsu aba ce mai nauyi, mai zuba a hanya, wadda za a sake bukata jibi.

Muka yi hayar kura mai ɗaukar jarka goma sha biyu, muka rubuta jerin sunaye: Talata, Alhamis, Asabar, mutum biyu ko uku kowace rana. Wata malamar makaranta a cikinmu ta bi maganar shigar da yaran aji. Da cikin maƙwabciyar Mama ya isa haihuwa, 'yan Zumuntar Mata ne suka kwana da ita a asibiti. Har zuwa Kirsimeti abin ya tafi daidai, muna turi muna waƙa.

Sai hunturu ya wuce, zafi ya shigo. Sunaye goma sha huɗu suka koma biyar. Wannan yana da jarrabawa, wancan ya yi tafiya, wani kuma wayarsa ba ta shiga ranar da aka zo kansa. Ba ma faɗin wannan don mu kunyata kowa, masu rubutun nan ma akwai ranakun da muka ɓuya. Sannan ga wani abu da ya riƙa ci mana rai. Mijin Mama, tun da muke zuwa, bai taɓa ce mana sannu ba. Za mu sauke jarkoki gumi yana tsiyaya, yana zaune a gindin katanga yana kallon ƙasa. Muka fara gunaguni a hanya. Wani ya ce ko kare aka ba wa ruwa zai kaɗa wutsiya.

Ranar da aka faɗi wannan maganar, 'yar'uwar da muka ambata da farko tana cikin masu turi. 'Yar Michika ce, aiki ya kawo ta Daura. Ta tsayar da kurar a inuwar wata bishiyar darbejiya, ta ce mu huta ta ba mu labari. A watan Satumba na 2014, da Boko Haram suka shiga Michika, tana yarinya ƙarama. Sun yi kwanaki a duwatsu kafin su kai Yola, inda suka kwana a harabar majami'ar Katolika ta St. Theresa tare da ɗimbin jama'a, Kirista da Musulmi. Ta ce wata mata da ba ta san sunanta ba har yau ita ce take yi mata wanka, tana yi mata kitso. Mahaifinta kuwa ya yi wata uku bai yi wa kowa magana ba, bai gode wa kowa ba. Ba rashin tarbiyya ba ne. Mutumin da yake ciyar da gida guda ne ya wayi gari yana layi da kwano, kalmar godiya ta maƙale masa a maƙogwaro. Ta ce, "Ni ba don Baba ya ce sannu nake turin nan ba. Bashi nake biya, kuma mai bashin ban san inda take ba."

Ita ce kuma ta tuna mana cewa a shekarar nan ta 2014 ba mu kaɗai muka gudu ba. A watan Yuni 'yan ƙungiyar IS suka kama Mosul a Iraƙi, garin da ke gefen kufan Nineba ta Annabi Yunusa. A Yuli aka sa wa gidajen Kirista alama da harafin nun, aka ba su wa'adi su fita. A farkon Agusta mutanen Karakosh suka kwashe cikin dare ɗaya zuwa Irbil, suka kwana a harabar majami'u da gine-ginen da ba a gama ba. A watan nan ne Gwoza ta faɗi, a ƙarshen Oktoba kuma aka kama Mubi da hedikwatar EYN a Kwarhi. Wasu daga cikin iyalan Iraƙin daga baya aka ba su mazauni a Faransa, Ostireliya da Amurka, inda 'yan ikilisiyoyi suka riƙa tarbarsu, suna nuna musu kasuwa da asibiti, suna koya musu harshe. Sai ta yi dariya ta ce, "Ku da kuke alfahari da Kusugu, ai ku ne kuka fara saukar ɗan gudun hijirar Iraƙi. Ruwa ya roƙa."

Da yamma muka koma ga Luka 17, labarin kutare goma. Kullum idan aka yi wa'azinsa muna sa kanmu a matsayin wanda ya dawo. A ranar sai muka ga mun ɗare kujerar da ba tamu ba, muna zaune muna ƙirga wanda ya dawo ya gode mana. Alhali Yesu kansa, da ya tambayi ina sauran taran, bai karɓe warkarwarsu ba. Wanda ya dawo ɗin ma Basamariye ne, baƙo. Mun ce mun fito turin ruwa don mu gode wa Allah da ya bar mu muna kwana a ɗakunanmu, ashe a hanya mun juya lissafin, mun koma masu bin bashin godiya.

Akwai wani tarko kuma a labarin Kusugu, wanda muka kusa faɗawa. Da sauƙi a ce a kyautata wa baƙo don wataƙila Bayajida ne, zai kashe mana maciji. Yawancin baƙi ba sa kashe komai. Suna zuwa da gajiya, da yara masu tari, da fushin da ba su san inda za su sauke ba. Ayana ba ta san wanda ta saukar ba. Ruwan da ya roƙa ma ba ta da shi, ta gaya masa gaskiya, ta ba shi wurin kwana, ta miƙa masa guga. Sarauniya ta sami miji, gari ya sami ruwa, ita tsohuwar sai a tsakiyar labari ake ambatonta a wuce. Mu dai a cikin mutanen labarin nan, aikinta ne ya yi daidai da ƙarfinmu.

Gugan ma ya koya mana wani abu. Ba ta je ta ɗebo masa ba, abin ɗiba ta ba shi. Mako biyu da suka wuce, Baba ya yi mana magana karo na farko. Ba godiya ya yi ba. Ya ɗago kai ya ce wa wanda ke gaba, "Yaro, a garin nan ba mai gonar da zai ba da aro?" Muka kai maganar ga dattawan ikilisiya. Ɗaya daga cikinsu yana da fili a kan hanyar Zango da ya shekara biyu bai noma ba, ya ce a raba shi uku har da Malam. Ƙasar nan ba ta kudancin Katsina ba ce, yashi ne, gero da wake da gyaɗa take so, kuma Baba ya riga ya fara gardama da mai gonar a kan irin da za a shuka. Mama ta ce rabon da ta ji muryarsa ta ɗaga haka tun suna gida.

Kafin ruwan sama ya sauka ana bukatar fartanya shida, da iri, da wanda zai ba da aron amalanke a kai taki. Ranar Asabar za a fara sharar gonar, za mu taru a bakin majami'a da ƙarfe shida na safe. Kurar ruwa kuma tana nan, layin ranar Alhamis har yanzu mutum ɗaya ne a kansa, kuma jarka goma sha biyu ba ta turuwa da hannu biyu a hawan nan na bayan gari. Takardar sunayen tana hannun sakatariyar zumunta. Wanda zai zo ya bar wayarsa a aljihu.